Binciken da ake sanar da zuwansa tun saura mako, me yake ganowa?

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masana su warware mini. Ina aiki a wani kamfanin roba. Duk sanda masu binciken lafiya da kariyar ma'aikata za su zo, tun saura mako guda ake sanar da mu. Sai a hau fenti, a zana layin rawaya a ƙasa, a kwashe buhunan da suka toshe ƙofar baya, a fito da sababbin hulunan kwano da safar hannu daga sito a raba mana. Har abin da za mu faɗa idan an tambaye mu sai an biya mana. Baƙi su zo su zaga, su shiga ofis su duba fayil, su tafi. Kafin mako ya zagayo an karɓe hulunan, buhuna sun koma bakin ƙofa. Wannan binciken wa yake amfana? Haka doka ta ce a yi, ko mu ne aka raina?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, sai mun fara sanin su wane ne baƙin nan, domin iri biyu ne kuma aikinsu ba ɗaya ba. Akwai sufeton gwamnati daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Shi doka ce ta aiko shi, ba ya jiran gayyata. Akwai kuma odita, wanda kamfani ne ke ɗauko shi ya biya shi, ko masu sayen kayan kamfanin su turo shi. Odita tsari yake dubawa: an tantance haɗarin kowane sashe? An horar da mutane? Idan an yi hatsari ana rubutawa a bi diddigi? In ya gamsu sai a ba kamfani takardar shaida, irin ISO 45001 da aka fitar a 2018. Shi kam dole a sa masa rana, saboda sai an tara masa takardu da mutanen da zai zanta da su.

Ɗan Sharaɗa:
Yaya, duka biyun muna gani. Masu jakar kwamfuta da masu katin gwamnati a wuya. Shirin da ake yi musu iri ɗaya ne.

Baba Sufeto:
Ɗana, na yi wannan aikin har na yi ritaya, don haka bari in faɗa maka abin da doka ta ce, ka riƙe shi.

Dokar Masana'antu ta 1987, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta ba sufeto ikon shiga masana'anta da rana ko da dare. Yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1947, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1960, ta fayyace abin ƙarara: sufeto ya shiga ba tare da sanarwa ba, a kowace sa'a, ya tambayi ma'aikaci shi kaɗai in ya ga dama, kuma haramun ne ya bayyana wanda ya kai ƙorafi. Ko cewa ƙorafi ne ya kawo shi bai kamata ya faɗa wa mai kamfani ba. In ya ga abin da zai iya hallaka mutum yana da ikon rubuta takardar dakatar da wannan injin ko wannan sashen, in kuma abin gyara ne ya ba da wa'adi.

Ƙofar bayan da ka ambata ita ta fi tayar mini da hankali, ba hulunan ba. Doka ta hana a kulle ƙofar masana'anta ta yadda na ciki ba za su iya buɗewa nan take ba, kuma ta ce hanyar fita ta zauna a share. A watan Satumba na 2002 wuta ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikatan dare suna kulle a ciki, gommai suka ƙone. Roba ce fa, irin wadda kake aiki a kai. Hayaƙinta kan kayar da mutum kafin harshen wuta ya iso shi. Duk sufeton da ya zo ƙarfe goma na safe ranar da aka shirya masa ba zai taɓa ganin kwaɗon da ake garƙamawa ƙarfe goma na dare ba.

Alhaji Mai Shinkafa:
Ranka ya daɗe Baba, ban ƙi ta taka ba, amma a ji ta bakin masu masana'anta ma. Ina da ƙaramin injin gyaran shinkafa. Kuɗin gas kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Yau masu haraji, gobe masu muhalli, jibi 'yan kwana-kwana, gata ƙaramar hukuma, kowa da rasitinsa. Idan aka ce masu bincike, abin da ke zuwa zuciyar mai kamfani shi ne nawa kuma za a caje ni, ba me za a gyara mini ba.

Sannan maganar kayan kariya. Wallahi da kuɗina na sayi takunkumi na raba wa yarana saboda ƙaiƙayi da ƙura. Ka juya baya su saukar da shi wuya. Na sayi takalma, wani ya kai kasuwa ya sayar ya dawo da silifa. In aka zo aka tarar da shi haka, ni za a ci tara. Ina adalci a nan?

Mai Walda:
Alhaji, ka gwada sa takunkumin nan cikin watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ka ɗauki buhu goma ka gani. Ba taurin kai ba ne kawai. Numfashi ke gagara. Ni ma gilashin walda akwai lokacin da gumi ke rufe shi ba na ganin abin da nake yi. Kuma dai abin da Allah ya rubuta wa mutum ba hular kwano ce za ta tare shi ba.

Maman Hanifa:
Malam Mai Walda, maganarka ta farko gaskiya ce, ta biyun kuwa ina roƙonka ka sake dubawa. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma wannan magana ta ƙaddara na lura an fi faɗa wa lebura ita. Ban taɓa jin an bar sito a buɗe da dare an ce abin da Allah ya rubuta wa kaya shi zai same su ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin shan magani na wata masana'anta. Abin da ke zuwa gabana ba shi ke shiga fayil ɗin da ake nuna wa baƙi ba. Yaro ya zo da yatsu biyu a naɗe cikin tsumma, bel ɗin inji ya kama su saboda an cire murfin don a riƙa saurin gyara. Ka wanke, ka ɗinke abin da ya ɗinku, ka tura shi babban asibiti. Washegari a ce maka ai ɗan aikin rana ne, sunansa ba ya cikin rajista. A allon bakin ƙofa kuwa ana ci gaba da ƙirga kwanakin da aka yi ba a samu hatsari ba.

Wannan ma wanda ake gani kenan. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, kuma kimanin miliyan 2.6 daga ciki ba hatsari ne ya kashe su ba, cuta ce. Ƙura, hayaƙi, sinadarai, dogon lokacin aiki. Mai fasa dutse da ya shekara goma yana shaƙar ƙurar dutse, huhunsa ya ƙage, a ce tarin fuka ne ko sammu. Mai aiki kusa da janareto ya wayi gari sai an ɗaga murya yake ji, a ce tsufa ne. Waɗannan ba su da ranar da za a ce ga ranar da abin ya faru, shi ya sa babu mai rubuta su.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ciwo. Alhaji, ka yi haƙuri, amma takunkumi shi ne mataki na ƙarshe a wannan ilimin, ba na farko ba. Jerin da ake koyar da mu shi ne: in za ka iya kawar da haɗarin gaba ɗaya, kawar da shi. In ba zai yiwu ba, musanya shi da abin da bai kai shi illa ba. In ba zai yiwu ba, gyara inji ko gini ya raba mutum da haɗarin. Sannan tsarin aiki, kamar karɓa-karɓa da hutu. Sai a ƙarshe kayan sawa. Dalili kuwa shi ne abin da Mai Walda ya faɗa: duk kariyar da ta dogara ga mutum ya jure wahala awa takwas, wata rana za ta faɗi.

A injinka, fanka mai zuƙe ƙura a daidai bakin da ƙaiƙayi ke fita, da bututun da zai kai ta waje, za su yi abin da takunkumi ɗari ba za su yi ba. Murfin raga a kan bel da fule, mai walda na unguwa zai haɗa maka. Maganar ƙarar inji kuma, ana auna ƙarfinta da desibel, iyakar da aka fi amfani da ita kuwa desibel 85 ce na awa takwas, amma ba sai kana da na'ura ba: idan mutum biyu na tsaye tazarar hannu ɗaya kuma sai sun ɗaga murya suke jin juna, wurin ya kai a damu. Mai bincike na ƙwarai irin wannan shawarar ya kamata ya bar maka, ba rasiti kaɗai ba.

Alhaji Mai Shinkafa:
To ai ka ji. Wannan bayanin da ka yi yanzu babu wanda ya taɓa zuwa ya yi mini shi. Da ma ƙaramin wuri irin nawa yana cikin lissafin dokar?

Baba Sufeto:
Yana ciki, Alhaji. A ma'anar dokar, ko mutum ɗaya ka ɗauka yana sarrafa kaya don ciniki, wurin masana'anta ne, kuma ya kamata a yi masa rajista. Akwatin agajin gaggawa, ruwan sha, makewayi, haske, iska, rufe sassan inji masu juyawa, duk suna kanka. In hatsari ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, wajibi ne ka sanar da sufeton yankinku a rubuce.

Amma ba zan ɓoye muku raunin abin ba. Tarar da ke cikin dokar ta zamanin 1987 ce, 'yan ɗaruruwa da 'yan dubban naira. A wancan lokacin kuɗi ne, yau ba su sayi buhun shinkafarka ba. An daɗe ana kai da kawo a majalisa kan sabuwar doka da za ta maye gurbinta. Sufetoci kuma ba su da yawa in aka kwatanta da wuraren aikin da ke ƙasar nan. Ka ɗauki Kano kaɗai: Sharaɗa, Challawa, Bompai, hanyar Haɗeja, ban da injinan da ke cikin lunguna. Sufeton da ba shi da motar zuwa, har sai kamfanin da zai bincika ya aiko a ɗauke shi, ya riga ya sanar da zuwansa, kuma ya shiga da nauyin baki.

Ɗan Sharaɗa:
Baba, ka gafarce ni, amma akwai maganar ambulan ma. Muna gani.

Baba Sufeto:
Akwai, ɗana. Ba zan kare wanda ya karɓa ba. Wanda ya karɓi na goro ya sa hannu a kan tukunyar tururin da bai duba ba, in ta fashe da hakkin rayukan a wuyansa. Sai dai na yi aiki da mutanen da suka ƙi karɓa, suka rufe sashe sukutum, aka yi ta kiran waya daga sama ba su janye ba. Kada a haɗa su a yi musu kuɗin goro.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar daga nan Nijar. Mu ma muna da masu binciken aiki na gwamnati, da asusun CNSS mai kula da waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Abin da nake so in ƙara shi ne, dokar ƙwadagonmu ta ce wurin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya kafa kwamitin lafiya da kariya, da wakilan ma'aikata a ciki. A ganina nan ne maganin yake. Mai bincike baƙo ne, sau ɗaya ko biyu zai zo a shekara. Wanda ke tsaye gaban inji kullum shi ya san wayar da ke tartsatsi da matakalar da ke rawa.

Maman Hanifa:
Haka ne Malam, in dai ma'aikata ne suka zaɓi wakilan. In manaja ne ya nuna su da yatsa, shan shayi kawai za a riƙa yi.

Injiniya:
Bari in koma kan aikina, domin kada a ce na jefa wa gwamnati laifi na tsame odita. Babbar matsalar odita ita ce wanda ake bincika shi ke biyan mai binciken. Kamar ɗalibi ne ya ɗauki hayar wanda zai duba jarrabawarsa ya ba shi maki. In ya tsananta, baɗi a kira wani.

Duniya ta ga ƙarshen wannan. A watan Satumba na 2012 gobara ta kashe mutum fiye da 250 a wata masaƙar tufafi a Karachi ta Pakistan. Tagogi da ƙarafa, ƙofofin fita a rufe. Makonni kaɗan kafin nan aka ba masana'antar takardar shaidar SA8000, wadda ke nufin an duba an gamsu da yanayin aikinta. Bayan wata bakwai, ranar 24 ga Afrilu 2013, benen Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum 1,134 suka mutu. An taɓa yi wa wasu masana'antun da ke cikin benen odit, amma takardar tambayoyin ba ta shafi ƙarfin ginin ba. Abin da ya fi ciwo, ana gobe abin zai faru an ga tsagewa a bango, aka fitar da mutane. Banki da shagunan da ke ƙasa suka ƙi buɗewa. Masu ɗinki kuwa aka ce su koma ko a riƙe albashi. Ma'aikatan sun ga haɗarin da idonsu, abin da ba su da shi shi ne ikon cewa a'a.

Abin da aka yi bayan nan shi ya kamata mu nazarta. A watan Mayu na 2013 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanonin da ke sayen tufafin, fiye da 200 suka sa hannu daga baya. Injiniyoyi masu zaman kansu ke duba gini da wuta da lantarki, ba mai masana'anta ke zaɓen su ba. Ana wallafa rahoton kowa ya gani. Ana sa wa'adin gyara a dawo a duba, wanda ya ƙi gyarawa a daina sayen kayansa. Ma'aikaci kuma yana da damar ƙin aikin da ya ga zai hallaka shi, da layin kai ƙara a asirce. Masana'antu sama da 1,600 aka bi ta kansu a haka.

Alhaji Mai Shinkafa:
Can Turawa masu saye ne suka matsa. Mu da muke sayar wa 'yan kasuwar Dawanau da ta Singa, wa zai matsa mana? Kuma in na kashe kuɗi na gyara, maƙwabcina bai gyara ba, buhunsa ya fi nawa araha.

Baba Sufeto:
Wannan ita ce hujjar da ta sa dole gwamnati ce za ta riƙe sandar, Alhaji, kuma ta riƙe wa kowa daidai. In doka ta hau kan kowa, mai gyara ba ya asara.

Ku tuna abin da ya faru a nan Challawa a watan Yuni na 2020, lokacin kullen korona. 'Yan sanda suka shiga wani kamfanin shinkafa suka fito da ma'aikata sama da ɗari da aka tsare a ciki wata da watanni, ba a barin su fita. Ba zagayen bincike ne ya gano su ba. Daga ciki wani ya samu ya kai kuka waje ga masu kare hakkin ɗan Adam. A cikin gari fa, ba a daji ba.

Mai Walda:
To mu da ke bakin titi fa? Gareji, masu fenti, masu cajin batir, masu niƙa. Tunda nake ban ga wanda ya zo ya ce ga yadda za ku ajiye tukunyar gas ba. A da dai muna jin labarin duba-gari, har cikin gida suke shiga su leƙa randa.

Maman Hanifa:
Ai mafi yawan masu aiki a ƙasar nan irinku ne, ba na manyan kamfanoni ba. Ka dubi Zamfara a 2010. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gida ana daka ana niƙa, ashe da dalma a ciki. Yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura da yawan mace-macen yara kafin a gane dalili. Wurin aikin shi ne tsakar gida, babu rajista, babu mai dubawa. Da aka gane, cikin matakan da aka ɗauka har da fitar da niƙan daga cikin gari, da jiƙa dutse don kada ƙura ta tashi, da wanke jiki da sauya kaya kafin a koma gida.

Ku masu walda kuna da ƙungiya, kuna da shugabanni, kuna tara kuɗin mako. Me zai hana ƙungiyar ta ware mutum biyu su riƙa zagaya rumfuna? Tiyon gas da ya tsage, tukunya a kwance cikin rana, waya a tuɓe cikin ruwa, yaro ɗan koyo yana kallon wuta da ido tsirara. Maganar shugaban sana'a ta fi shiga kunnenku fiye da ta baƙo.

Mai Walda:
Wannan kam mai yiwuwa ne Hajiya. Zan kai maganar taronmu.

Ɗan Sharaɗa:
Na ƙaru sosai. Amma ni yanzu me zan yi? In na buɗe baki gaban baƙi, kafin su kai bakin titi an sallame ni. Yawancinmu ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke mu, ko takarda ba mu da ita.

Baba Sufeto:
Kada ka yi magana gaban manaja, ba a ce ka jefa abincinka a wuta ba. Ka rubuta abin da ka gani da ranarsa: ƙofa kaza a toshe, inji kaza babu murfi, tukunyar kashe gobara allurarta ta sauka daga kore. Ku haɗu ku da yawa, ku bi ta ƙungiyar ƙwadago in akwai, in babu ku kai ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharku, ku ce a sakaya sunanku, ku kuma faɗi lokacin da ya kamata a zo. Ku ce a zo da dare. Ku riƙe kwafin takardar.

Maganar takarda kuma, Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ba ta ware ɗan aikin rana ko ɗan koyo ba, duk ma'aikata ne a wurinta. Mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan wannan diyyar, ba daga albashinka ake cira ba. In ka ji rauni ka sanar da wanda ya ɗauke ka cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7. Da yawa suna rasa hakkinsu ne saboda an lallashe su da kuɗin magani har lokaci ya wuce, babu ko katin asibiti a hannunsu.

Injiniya:
Ni kuma ga abin da nake yi in na je bincike, ko wani abokin sana'a zai ɗauka. Ba na fara zama a ofis. Ina farawa da bayan gini, inda ake zubar da shara da inda janareto yake. Ina tura ƙofar gaggawa da hannuna. Ina duba safar hannun ma'aikaci: in fes take babu ko tabo, yau aka ba shi. Ina duba kusoshin murfin inji, in sababbi ne a jikin tsohon inji na san jiya aka ɗaura. Ina neman littafin ɗakin shan magani in gwama shi da littafin hatsari, kamar yadda Hajiya ta nuna, domin in na farko cike yake da yanka da ƙuna na biyun kuma fari fat, an gama ba ni amsa. Ni nake zaɓen waɗanda zan zanta da su daga takardar biyan kuɗi, har da na ɗan kwangila, kuma ba a gaban ogansu ba. Kamfanin da ya ce mini shekara guda ko tuntuɓe ba a yi ba, shi na fi tsoro, domin ma'anarsa mutane sun daina faɗa.

Alhaji Mai Shinkafa:
Injiniya, zan neme ka ta akwatin sirri kan maganar fankar nan. Amma ina nan kan bakana cewa a rage yawan masu zuwa da rasiti, a turo mana mutum ɗaya da ya san inji.

Ɗan Majema:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. A kamfanin fata nake. Ana sa mu shiga ramin da ruwan jima ke taruwa mu kwashe laka in ya toshe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi, amma in ka ɗan jima a ciki sai ka daina ji. Manyanmu na cewa in warin ya ɗauke an samu lafiya kenan. Gaskiya ne? Masu bincike ba su taɓa leƙa wurin ba, can bayan katanga yake.

Maman Hanifa:
Inna lillahi. Ɗana, kada ka sake shiga ramin nan a haka.

Injiniya:
Ba gaskiya ba ne, akasin haka ne, kuma ka faɗa wa duk abokan aikinka yau ɗin nan. Wannan warin iskar haidirojin salfaid ce. Tana fitowa daga sinadarin da ake cire gashin fata da shi, musamman in ruwansa ya haɗu da ruwa mai asid, da kuma daga ruɓewar lakar kanta. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya, kuma taka laka ko motsa ta da shebur na sa ta taso gaba ɗaya. In ta yi yawa tana kashe jin warin hanci, shi ya sa kake ganin kamar ta tafi. In ta ƙara yawa, shaƙa ɗaya ko biyu mutum ya faɗi. Sau da yawa ba mutum ɗaya take ɗauka ba: na farko ya faɗi, na biyu ya diro ceto ya faɗi, na uku ya bi su.

Takunkumin kyalle ko na ƙura ba ya tare ta ko kaɗan. Hanya mafi kyau a zuƙe lakar da famfo daga sama ba tare da kowa ya sauka ba. In shigar ta zama dole, sai an auna iskar ramin da na'ura kafin a shiga da kuma lokacin da ake ciki, an hura iska mai kyau da inji, mai shiga yana da abin shaƙar iska daga waje da ɗamara mai igiya, mutum na tsaye a sama bai matsa ba, kuma wani babba ya sa hannu a takardar izinin shiga. In wani ya faɗi a ciki, a jawo shi da igiya, kada kowa ya bi shi.

Baba Sufeto:
Wannan ba ta jiran zagayen shekara. Irin ta ce ake rubuta wa takardar dakatarwa nan take. Ɗan Majema, gobe da safe ku rubuta ƙorafi, ku kwatanta inda ramin yake ta yadda baƙo zai same shi ba sai an raka shi ba, ku faɗi ranakun da ake sa ku shiga. Ka turo mini rubutun ta akwatin sirri in duba maka kafin ku kai.

Ɗan Majema:
To Baba, in sha Allahu da daddare zan turo. Ranar Asabar aka ce za mu sake shiga, zan gaya wa sauran tun yau.